Shekarar da Aka Sauke Yaya Mamman Daga Kan Jirgi

Akwai maganar da na san kuna ji tun kuna yara, ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Mamman, ko da yake ba wanda ya taɓa tarata da ita gaba da gaba. Ana cewa ni na kai ƙarar yayana a wurin aiki aka sallame shi, don in hau kujerarsa. To, ni na kai ƙararsa, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ba ku san abin da ya zo kafin nan ba, ba ku kuma san abin da na ɓoye bayan nan ba. Duk waɗanda suka san zancen sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, ni ma tsufa ya kama ni. Ba ina rubutawa don ku wanke ni ba ne. Idan za ku zarge ni, ku zarge ni a kan abin da na aikata.

Mahaifinmu maɗinkin manyan riguna ne a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya. Aikin allura ya cinye masa ido tun kafin ya tsufa, ya kuma rasu ban fi shekara tara ba. Yaya Mamman ne ya riƙe gidan. Innarmu 'yar unguwar Limancin Kona ce, mace mai kunya da tsanani, ba ta taɓa kiran sunansa ba tunda shi ne ɗan fari, sai dai ta ce Babba. Lokacin da na yi wayo Yaya ya riga ya shiga aikin reluwe, abin da a cikin birni ake wa kallon aikin baƙi, don mutanen Sabon Gari ne suka fi yawa a ciki. Shi ya sa ni a makaranta, shi ya cire ni da na gama firamare ya kai ni loko, wato rumfar da ake ajiye kawunan jirage ana gyara su. Na fara da goge-goge da kwashe toka. Daga baya na zama fayaman, mai zuba kwal a wuta, shi kuma a lokacin ya zama cikakken direba. Kullum da safe mu fito da kekunanmu ta Ƙofar Doka, mu ratsa Tudun Wada, mu haye kogin Kubanni, yana gaba ina baya. Shi ya yi mini aure. Ɗakinsa da nawa suna kallon juna, tukunya ɗaya ake ɗorawa, yau matarsa Yaya Asabe, gobe matata, mahaifiyarku ku 'ya'yana.

Layinmu shi ne ƙaramin layin da ya balle daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura. Auduga da gyaɗa da fatu muke jawowa, wani lokaci shanu, da taragun fasinja biyu ko uku a baya. Jirgin kwal ba ya ɓoyuwa. Tun yana nesa ƙwarai za ka ga hayaƙinsa ya miƙe sama, ka ji yana huci kamar wanda ya sha gudu. Mutanen ƙauyukan da ke bakin layi da shi suke sanin lokaci. Direba yana tsaye a gefe ɗaya, fayaman a ɗaya gefen, kowa yana leƙa gabansa ta taga. A nan na fara lura da wani abu. Idan mun doshi tasha sai Yaya ya ce, Isa, me sigina ta ce? Sigina ita ce alamar da ke bakin layi, mai nuna a tsaya ko a wuce. Da farko na ɗauka gwada ni yake, kamar yadda ya saba tun ina sabon shiga. Sai na ga tambayar ta zama ta kullum. Wata rana da rana tsaka na dube shi da kyau yana shan ruwa, na ga wani fari-fari ya fara rufe baƙin idonsa na dama, irin wanda na sani a idon mahaifinmu. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Haka muka yi wajen shekara biyu, ina faɗa masa abin da ke gaba, shi kuma hannunsa da kunnensa sun san layin nan kamar tsakar gidanmu. Ta ƙarar ƙafafun jirgi yake gane inda muke, kuma bai taɓa kuskure ba.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka fara kawo mana kawunan jirgi masu amfani da man gas. An riga an sa manyansu a babban layi, mu kuwa ƙanana aka kawo mana, marasa nauyi, don dogon layinmu siriri ne, gadojinsa kuma ba za su ɗauki manyan ba. Ranar da na farko ya shigo loko duk muka bar aiki muka kewaye shi. Ba wuta, ba tukunya, ba shebur. Inji ne a cikinsa yana juya janareta, janaretan ya ba da lantarki, lantarkin ya juya ƙafafun. Ɗakin direba yana da kujera da gilashi, ga agogai ƙanana jere a gabansa, kowanne da allurarsa. Wani tsohon fayaman ya shafa jikinsa ya ce wannan ai ba jirgi ba ne, ofis ne. Muka yi dariya, amma kowa ya sha jinin jikinsa, don abin da ba ya cin kwal ba ya bukatar mai zuba kwal. Aka ce waɗanda suka iya karatu a cikinmu za a koya musu su zama mataimakan direba. Aka kuma ce duk wanda zai hau sabon jirgi, direba ko mataimaki, sai likita ya gwada idonsa.

Ni aka fara kira, ran Litinin. Aka tsayar da ni a bakin wani layi da aka ja a ƙasa, ga allo can a jikin bango da haruffa, na sama manya, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Na karanta su duka. Yaya kuma an sa masa ran Laraba. Da yamma bayan la'asar ya kira ni zaure, ya sa aka kori yara, ya sauke asabari. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Isa, allon nan, layi nawa ne?"

Na ce bakwai.

"Ka riƙe su?"

Na ce na riƙe wasu.

"Gobe ka koma. Ka ce ka manta katinka a can. Ka duba sauran."

Na ce, "Yaya, da dai ka faɗa musu. Ai akwai aikin loko, ba sai ka hau layi ba."

"In koma ina ba yara man shafawa? Ni? Shekara uku ta rage mini in ajiye aiki da mutuncina. Ba kai ne a gefena ba? Me ya taɓa faruwa?"

Ban iya ce masa a'a ba. Ban taɓa ce masa a'a ba tun da aka haife ni. Na koma washegari, na yi ƙaryar kati, na tsaya ina lalube aljihu ina haddace haruffa. Da yamma na biya masa su layi-layi kamar yadda ake biya wa yaro allo, yana maimaitawa, har ya iya su gaba da baya. Ran Laraba ya dawo yana fara'a, ya sayo wa Inna goro da tsire. Inna ta sa masa albarka, ta sa mini, ba ta san a kan me ba. Wannan shi ne laifina na farko, kuma ba wanda ya taɓa jin sa daga bakina sai yau.

Aka koya mana sabon jirgi, aka haɗa mu tare kamar da, shi direba ni mataimaki. Gaskiya ya iya shi da wuri. Abin da ya gagare shi allurar agogai ce, sai in riƙa karanta masa. Amma sabon jirgi ba irin tsohon ba ne. Ya fi sauri, ga shi ba ya hayaƙin da za a hango daga nesa. Ƙararsa wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, idan iska tana kaɗawa ta wani gefen sai ya zo kusa da kai kafin ka ankara. Dole direba ya riƙa busa ham a kowace kwana, da duk lokacin da ya hangi wani abu a kan dogo. Amma fa sai in ya hanga ɗin.

Damina ta zo ta wuce ba ruwan kirki, ta biyu ma haka. Wannan ita ce shekarar farin da har yanzu tsofaffi ke ambato. A Zariya mun ji jiki, amma ba kamar arewa ba. Da muka shiga bazara sai muka fara gamuwa da mutane suna gangarowa kudu a ƙafa, suna bin layin dogo don shi ne hanyar da ba ta ɓata. Maza da mata da tsofaffi, da tabarmi a ka, da 'yan awakin da suka rage. Gawar shanu a gefen layi har muka daina nunawa juna. A tashoshin da a da muke tsayawa shan ruwa akwai manyan tankuna, mutanen ƙauye kan zo su tari abin da ya zuba. Sabon jirgi ba ya shan ruwa, don haka aka daina cika wasu daga ciki. Sai mu wuce mu ga mata zaune a ƙarƙashin tanki da tuluna, suna bin mu da kallo. A waɗannan watanni idona bai taɓa barin gilashi ba. Ko ruwa zan sha, ina kallon gaba nake sha.

Ranar da abin ya faru muna dawowa ne daga Gusau da kayan fatu, wajen azahar, rana kamar za ta fasa kai. Sai ƙararrawar da ke nuna inji ya yi zafi ta fara kaɗawa. Aikin mataimaki ne ya fita ta gefen jirgi ya buɗe ƙofar inji ya duba. Na leƙa gaba, ba kowa har iyakar ganina, sai wata kwana can da ƙaramar gada a bayanta. Na ce, Yaya, zan fita, ka busa a kwana. Ya ce to. Na fita, na buɗe ƙofar, na cusa kaina ciki, ƙarar inji ta cika mini kunne. Ban fi minti biyu ba. Ya busa a kwanar, na ji. Bayan nan bai sake busawa ba, bai kuma taɓa birki ba. Sai na ji wani abu ta tafin ƙafata, ba ƙara ba, kamar dai an jefi jikin jirgin da buhu. Sannan birki ya kama. Na koma ɗakin direba da rarrafe, na tarar da shi ya tsura wa gilashi ido.

"Isa, me na taka? Saniya ce?"

Ba saniya ba ce. Mace ce, matashiya, ɗauke da ƙullin kaya a ka. Mijinta ya riga ya haye gadar da awakinsu biyu, ita tana tsakiya, tana taka katakon dogo ɗaya bayan ɗaya. Daga kwanar zuwa gadar akwai tazara mai yawa, fili fetal, ba ko bishiya. Gadar ma ba ta da tsawo, rairayi ne a ƙasa, rafin ya ƙafe. Duk mai ido zai hango ta. Da an busa mata sau ɗaya, da ta yi tsalle ta faɗa rairayi ta tashi ta karkaɗe zanenta. Na sauka na gangara. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Na cire rigata ta sama na rufe ta. Mijin ya zo ya tsuguna, bai yi kuka ba, igiyar awakin tana hannunsa bai saki ba. Ya ɗauka ni ne direban.

"Malam, da ka busa mata. Tana ji sarai, ba kurma ba ce."



"Mu a wajenmu jirgi hayaƙi yake yi," ya ce. "Ban ga hayaƙi ba. Ni na ce mata ta taho."

Mutanen wani ƙauye da ke kusa suka zo da fartanya da tabarma, matansu suka yi mata sutura, aka yi mata salla aka rufe ta a gefen rafin kafin la'asar. Yaya bai sauko ba. Yana zaune a kujerarsa, hannuwansa a kan gwiwa. Da muka tashi, har muka iso Zariya ba wanda ya ce da wani uffan, sai abin da sigina ta ce da nake faɗa masa.

An yi bincike, amma ba mai tsawo ba. A shekarar ba mu kaɗai muka taka mutum ba, kuma doka ta hana tafiya a kan dogo. Aka tambayi Yaya ko ya busa, ya ce ya busa a kwana, gaskiya ne. Aka tambaye ni, na ce ina wurin inji, gaskiya ne. Aka rufe magana. Bayan kwana uku aka sake sa sunanmu a jerin masu fita. A ranar na same shi a ɗakin Inna da hantsi, tana tsinke zogale a faifai, Yaya Asabe tana bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe su, sannan na ce, Yaya, don Allah ka ajiye tuƙin nan. Na faɗi komai a gaban Inna, ban da zancen allo. Na ce idonsa ya tafi, na ce matar nan da ya gan ta da tana raye.

Inna ta ajiye faifan. "Kai ne mai rayawa? Kwananta ne ya ƙare. Ko kai ne a kujerar, da ta mutu."

Na ce, "Inna, da ni ne da na gan ta."

"Ji mini yaro. Babba ya goya ka a bayansa kana zazzaɓi har asibitin Wusasa, a ƙafa. Yau kai ne za ka tsaya a gabana ka ce makaho ne?"

Yaya Asabe ta ce, "Malam Isa, ka rufa mana asiri. Yara shida ne. Shekara ɗaya ce fa ta rage."

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Laifin na wa ne? Na ce ka fita? Da kana wurinka da ba a yi haka ba. Daga yau ko inji zai kama da wuta, kada ka bar gilashi. Shi ke nan."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai gaskiya a maganarsa. Na bi shi muka yi tafiya biyu bayan nan. A tafiya ta biyu ƙararrawar ta sake kaɗawa, na ƙi fita, muka yi ta tafiya tana kaɗawa, ga mutane jefi-jefi a bakin layi, wasu da jarirai. Ina kallon gaba, gumi yana shiga mini ido, ina tsoron ko ƙiftawa. Na ce a raina, yau idan atishawa ta kama ni fa? Idan ciwo ya kwantar da ni aka haɗa shi da wanda bai sani ba fa? Abinci ya daina shiga mini. Mahaifiyarku ta tambaye ni har ta gaji.

Akwai wani sufeto a loko, Malam Yohanna, mutumin Wusasa. Bahaushe ne Kirista, dattijo mai magana a hankali, shi ke duba direbobin layinmu. Wata Alhamis da safe na tsaya a ƙofar ofishinsa har sau uku ina wucewa, a na huɗu na shiga. Na ce ina so a sake gwada idon direbana. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Direbanka ai yayanka ne."

Na ce shi ne.

"Ka san abin da zai biyo baya?"

Na ce na sani. Ashe ban sani ba. Ni a zatona za a ce ciwo ne ya same shi, a mayar da shi loko ko a sallame shi da haƙƙinsa cikakke, ya yi fushi da ni na shekara ɗaya ya huce. Ban yi tunanin za su koma kan gwajin farko ba. Likita ya sauya allo. Yaya ya karanta harafin sama, ya tsaya a layi na biyu. Likitan ya ce wannan yanar ba ta bana ba ce, ba ta bara ba ce, to ta yaya ya ci gwajin da ya wuce? Aka zauna a kansa. Malam Yohanna ya kira ni ofis bayan zaman, ya rufe ƙofa.

"Yayanka ya ce shi ya leƙa allon yana jiran layi, ya haddace. Ya ce ba wanda ya taimake shi. Sau uku aka tambaye shi." Sannan ya ce, "Mutumin da ba ya ganin layi na biyu, ban san yadda ya leƙa na bakwai ba. Isa, akwai abin da kake so ka ƙara?"

Na tuna mahaifiyarku tana ɗauke da cikin 'yarmu Hadiza, na tuna idan aka kore mu duka biyu ba mai ciyar da gidan. Haka na gaya wa kaina a lokacin, kuma ba ƙarya ba ne. Amma tsoro ma yana ciki, da son aikin.

Na ce, "Babu."

Sai ya ce in tafi. Aka sallami Yaya a matsayin wanda ya yi ha'inci, ba wanda ciwo ya kama ba. Kuɗin ajiye aikin da ya yi shekara da shekaru yana jira, bai same su yadda ya kamata ba. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko. Na iya buɗe baki a kansa, na kasa buɗewa a kaina. Shi kuwa da ya riga ya gane wanda ya kai shi, ya rufa mini asiri.

Ranar da ya dawo da takardar sallama ya jingine kekensa a zaure, ya shigo tsakar gida ya tsaya. Kowa yana nan, ana shirin abincin rana. Ya ce yana so ya ji daga bakin mutum ɗaya, wa ya je wurin Yohanna. Na miƙe na ce ni ne, Yaya. Ya gyaɗa kai kawai ya shige ɗaki. Ranar girkin mahaifiyarku ce. Ta kai wa Inna tuwonta, Inna ta tura kwanon da bayan hannu har miya ta zube a tabarma.

"Ɗauke. Ba na cin abincin gidan da aka yanka ɗan'uwa."

Ba ta sake cin abin da ya fito daga hannunmu ba har ta bar duniya. Ina zuwa gaishe ta kullum da safe, ta amsa da lafiya, ta juya fuska. Kafin damina ta sauka Yaya ya kira magina, aka kwaɓa ƙasa, aka ja katanga ta raba tsakar gidan biyu, aka fasa mini ƙofa ta lungu. Rijiya ta faɗa ɓangarensu. Inna ma ɓangarensu. Ina jin muryar 'ya'yansa ta saman katanga, waɗanda a da suke hawa kafaɗata idan na dawo daga Gusau da rake.

Bayan wata bakwai aka ba ni direba. Irin jirgin nan ne, layin nan ne, wani lokaci ma kan jirgin da ya taka matar. Na karɓa. A nan maganar da kuke ji ta samo asali, kuma ban ga laifin wanda ya faɗa ba, don daga waje haka abin yake. Na yi shekaru ina haye gadar nan sau biyu a mako. Tun daga kwanar nake ɗora hannu a kan ham ba na ɗagawa sai na wuce, har mataimakana suka riƙa yi mini dariya a ɓoye. Tudun kabarin ya yi ta raguwa, wata damina ruwa ya share shi.

Yaya kuwa ya zauna a zaure. Idon dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu ya bi shi. Yaya Asabe ta kama suyar ƙuli-ƙuli da sayar da man gyaɗa, mace da ba ta taɓa sana'a ba. Kai Lawal, kai ne babban ɗan Yaya, an cire ka daga sakandare aka kai ka koyon ɗinki, alhali kai ne mafi ƙwaƙwalwa a cikinku duka. Na san ba ka yafe mini wannan ba, ban kuma ce ka yafe ba. Na aika hatsi aka dawo da shi. Na aika atamfar salla aka dawo da ita ko warwarewa ba a yi ba. Na samu labarin akwai asibitin ido a Kano da ake cire yana, na roƙi limamin unguwa ya yi masa magana, na ce ni zan kai shi. Liman ya dawo ya ce, ya ce a gode maka, wai ya ga abin da zai gani.

Shekara huɗu muka yi a haka kafin Inna ta rasu. Da hantsi aka yi mata salla a ƙofar gida, aka ɗauki makara aka nufi maƙabarta a bayan ganuwa. Jama'a suka yi gaba, kowa yana son ya sa kafaɗa. Na waiga na ga Yaya tsaye shi kaɗai a bakin zaure da sandarsa, yana juya kai yana bin sawun mutane da kunne. Lawal yana can riƙe da makara. Na koma na tsaya a gabansa ban yi magana ba, na kamo hannunsa na ɗora a kafaɗata. Na ji yatsunsa sun ƙage, sannan suka saki. Muka bi bayan jama'a a hankali. Hannun ya yi sauƙi ƙwarai, kamar ba shi ne ke juya birkin jirgi ba. Aka rufe Inna, aka yi addu'a, ya tsuguna na kai hannunsa ya taɓa ƙasar. A hanyar dawowa muka zama na ƙarshe. Mun kusa ƙofar gari ya tsaya.

"Warin man gas ba ya barin mutum," ya ce. "Tun a zaure na san kai ne."

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Na buɗe baki zan roƙe shi gafara a kan zancen allo, a kan shirun da na yi a ofishin Yohanna. Ya matse mini kafaɗa, alamar in bari.

"Matar nan. Ka san sunanta?"

Na ce na tambayi mijinta a ranar. Sunanta Hauwa.

"Hauwa," ya ce. Ya sake faɗa a hankali. "Shekara huɗu ina yi mata addu'a ba suna."

Muka ci gaba da tafiya. Na kai shi har bakin zaure, ya zare hannunsa, ya laluba ƙofa ya shiga. Na ɗauka daga ranar abubuwa za su sauya. Washegari na je gaishe shi, Yaya Asabe ta fito ta ce yana hutawa. Haka jibi, haka gata. Ya rayu shekara biyu bayan Inna, kuma waɗannan kalmomi da na rubuta muku su ne na ƙarshe da ya yi da ni.